Motar Ɓarna a Turken Bulama Mala

A shekarar da damina ta leƙo Damagaram ta koma, aka ci jar dawar taimako har yara suka manta launin tuwon hatsi, wata mota ta kashe jakar Barira alhali babu kowa a cikinta.

Abin ya faru ne a Kurnar Mala, wani ɗan ƙauye a kan hanyar Zermu. Motar babbar kamyo ce ja mai ƙafa shida, ta kai dawa Zermu ta sauke, tana komawa Zinder ba komai a bayanta. Direbanta Alkasum mutum ne mai kula da salla fiye da yadda yake kula da birki, domin birkin hannun motar ya daɗe da rasuwa. Da azahar ta yi sai ya tsaya a kan tudu, ya tokare ƙafar baya da dutse, ya yi taimama ya tayar da kabbara. Yana raka'a ta biyu dutsen ya nutse cikin rairayi. Motar ta soma gangarawa a hankali kamar mai jin kunya, daga nan ta saki jiki. Alkasum ya ji tafiyarta sarai, amma tun da ya balaga bai taɓa yanke salla ba, kuma bai ga dalilin farawa ranar ba.

A gindin tudun Barira na tafe da jakarta, salka biyu cike da ruwa. Ta yi tsalle ta sha da kyar, jakar ba ta sha ba. Salkunan suka fashe, rairayi ya shanye ruwan kafin a ce wayyo, motar kuma ta je ta rungumi wani gawo ta tsaya. Ɗan jakar, wanda bai wuce wata biyu a duniya ba, ya tsaya baya yana shinshinar kashin raƙumi, shi ya sa ya tsira.

Sai ka san abin da jakar nan take a gidan Barira kafin ka gane irin kukan da ta yi. Rijiyar ƙauyen ta ƙafe tun bara. Ruwa sai a wata rijiya can gangaren arewa, in ka fita da asuba sai rana ta take ka dawo. Mijinta Idirisu ya tafi ci-rani kudu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ba aike ba labari. Da jakar take ɗebo na sha, ta sayar da ragowar ta sami abin sa wa a tukunya. Yanzu ba ta da sauran abin dogaro sai ɗan jakin. In ya rayu, baɗi war haka zai iya ɗaukar salka, gida ya tsaya. In ya mutu, sai ta ɗaure kayanta ta bi sahun waɗanda suka tafi bakin Zinder suna kwana a bukkokin kwali suna jiran mudun dawa. Wannan kuwa shi ne abin da take tsoro fiye da komai.

Bulama Mala, mai garin, ya iso yana dogara sandarsa, fuskar nan tasa ba ta iya ɓoye murna ba. Kada ka zarge shi. Shekara biyu rabonsa da shari'ar ɓarna, don babu gonar da za a ɓata, babu kuma dabbar da ke da ƙarfin ɓatawa. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce a kawo igiya.

Al'adar ƙasar tun kaka da kakanni ita ce, dabbar da ta yi ɓarna a ɗaure ta a turken bulama har mai ita ya zo ya biya. Wanda aka yi wa ɓarnar shi ke shayar da ita, don kada a ce ya bar ta ta mutu saboda haushi. In an yi cigiya kasuwa uku mai ita bai fito ba, dabba ta zama ta wanda aka cuta. Maza suka taru suka tura motar don a kai ta turke, ta ƙi ko motsi. Sai Bulama ya sa aka tumɓuke turken aka kawo shi wurin motar, aka kafa, aka ɗaure mata ƙafar gaba da igiyar rama.

Barira ta share hawaye ta ce, "Baba Bulama, mota ce fa."

"Da kanta ta yi tafiya ko tura ta aka yi?"

"Da kanta."

"To abin da ya yi tafiya da kansa ya je ya yi ɓarna, ni ban san wani sunansa ba sai dabba." Ya juya wurin Alkasum. "Kai makiyayinta, tana shan ruwa?"

Alkasum ba ya ƙarya, abin da ya hana shi arziki ke nan. Ya ce, "Tana sha, ranka ya daɗe. Ta ma fi raƙumi." Ya ɗaga murfin gaba ya nuna bakin da ake zuba mata.

Bulama ya ce, "Kin ji da kunnenki, 'yata. Ƙwarya ɗaya kullum."

Haka Barira ta koma ɗauko ruwa a kai. Tulu ɗaya ne ta iya, a ciki yara su sha, a dama kunu, a ɗiba wa ɗan jaki, sannan ta auni ƙwarya guda ta zuba wa abin da ya kashe mata jaka. Duk ranar da ta zuba sai ta zage ta, ta zagi wanda ya ƙera ta, ta zagi tudun. Matan ƙauyen kuwa tun ranar farko suka hau bayan motar da tsintsiya suka share ta tas, suka sami dawar da ba ta cika ludayi ba.

Ran Litinin mai ita ya aiko. Wani komi ne, wato magatakarda, na Kamfanin Hayar Motoci na Mai Nasara, sunansa Sama'ila, ya zo a kan ɗan babur mobilet da kwat da jakar takardu. Ya ba da haƙuri cewa da tun jiya ya zo, sai dai Lahadi yana majami'a. Saurayi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Bulama, ya yi wa Barira jaje har da girgiza kai. Da ya miƙe, sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a ƙofar motar, daidai inda aka rubuta sunan kamfanin.

Bulama ya ce, "Dabbarku ce?"

"Ranka ya daɗe, in tana garaji tamu ce. Amma mun ba da ita haya ga Alhaji Sallau, wanda ya karɓi kwangilar kai dawa."

"To a kira Alhaji Sallau."

"Na biya ta wurinsa. Ya ce shi mota mai kaya ya yi haya. Daga lokacin da aka sauke buhun ƙarshe a Zermu, ba shi ba ita."

"Ke nan ta dawo hannunku."

"Sai ta shiga garaji, ranka ya daɗe. Ba ta kai ga shiga ba." Sama'ila ya gyara tsayuwa. "Kamfani ba ya gudun alhaki. Duk haɗarin da direbanmu ya yi yana tuƙi, mu ne za mu biya. Abin tambaya shi ne, a lokacin yana tuƙi?"

Kowa ya dubi Alkasum. Sama'ila ya yi masa bayani cikin tausayi cewa in ya ce yana ciki, laifin ya hau kan kamfani, kamfani kuma ya kore shi. In ya ce ba ya ciki, laifin nasa ne shi kaɗai, jandarma su karɓe masa permi, takardar tuƙi. Ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi.

Alkasum ya ce, "Ina salla."

Sama'ila ya ce babu wannan a cikin kontira, wato takardar yarjejeniya, dole ya koma ya tambayi manya. Barira ta sha gabansa ta ce ita ba ta san kontira ba, jaka take so mai nono, ga maraya nan yana mutuwa. Ya ce, "Madam, ina jin zafinki wallahi. Amma in na ba ki ko allura yau, ya zama kamfani ya amsa laifi." Ya umarci Alkasum da kada ya sake matsawa daga jikin motar, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya rufe sunan da jikinsa har ya hau mobilet. Ƙauyen da ba ya iya ci da kansa ya sami ƙarin bakin da zai ciyar.

Ran kasuwar Zermu sanƙira ya yi cigiya kamar yadda aka saba. Ya zagaya yana cewa wanda dabbarsa ta ɓata, ja ce, ƙafa shida, idonta na hagu a fashe, tana turken Bulama Mala. Mutane suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Babu wanda ya fito.

Ɗan jakin kuwa ya ƙi komai. Barira ta dama masa kunun dawa mai ruwa-ruwa ta sa a ƙwarya, ya kau da kai. Ta tsoma yatsa ta sa masa a baki, ya tofar. Haƙarƙarinsa ya fito har ana iya ƙirgawa daga nesa, kuma ya daina zama gida. Kullum sai ya ja ƙafa ya tafi gindin gawon nan inda ya ga uwarsa a ƙarshe, ya shige ƙarƙashin motar ya kwanta a inuwa. Barira ta riga ta cire rai. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, kullum tana jiran a ce ya mutu, kullum sai ta tarar da shi da rai.

Wata safiya bayan ta zuba wa motar ƙwaryarta da zaginta, sai ta ji tsut tsut daga ƙasa. Ta durƙusa ta leƙa. Ashe karon da motar ta yi da gawo ya tsinke wani baƙin tiyo na roba a cikinta, yana lilo. Duk ruwan da take zubawa ta sama, ta nan yake ɗigowa. Ga ɗan jakin ya miƙe wuya ya kama tiyon yana tsotsa, ido a lumshe, jela na kaɗawa.

Barira ta miƙe. Ta koma gida ta dama kunu, ta tace shi da gefen mayafinta, ta dawo ta ɗaga murfin motar. Alkasum da ke kwance a ciki ya diro yana salati.

"Baiwar Allah, kunu a radiyata? Kashe ta za ki yi!"

"Ita da ta kashe min tawa fa?"

"Ni za a kama!"

"Durƙusa ka gani."

Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi sai ya share gwiwarsa ya ce, "Kada ki zuba da zafi. Kuma ki rage kauri, zai toshe." Ya shiga ƙarƙashin motar da zare ya ɗaure bakin tiyon yadda zai riƙa fita kaɗan-kaɗan, ya naɗe shi da tsummansa na aiki mai baƙin mai don kada ƙarfe ya ji wa ɗan jakin ciwo a baki. Daga ranar ya zama shi ke wanke mata ciki da yamma, kada kunun ya yi tsami.

Kafin kasuwa ta biyu ɗan jakin ya fara tsalle. Labari ya bazu har ƙauyukan Gaffati cewa motar da ta kashe jaka ta karɓi riƙon maraya. Mutane suka riƙa zuwa kallo a ƙafa, da yunwarsu. Bulama Mala ya ce shi bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya taɓa ganin saniya ta yi nadama. Ya ƙara wa igiyar tsawo don ta sake.

Barira ta daina zagi. Ba wai ta yafe ba ne, amma yana da wuya ka zagi wanda ke shayar maka da ɗa. Har takan share wa motar ƙura a goshi da gefen zanenta in ba kowa. Ta yi lissafinta a zuci: saura kasuwa ɗaya motar ta zama tata, ta tsaya nan gindin gawo har a yaye ɗan jaki. Bayan haka ko tsatsa ta cinye ta, oho. Karo na farko tun rasuwar jakar, ta ji sanyi a ranta.

Ana gobe kasuwa ta uku, sai ga ƙura daga yamma. Wata kamyo ce ta kamfanin, Sama'ila na gaba yana murmushi tun daga nesa. Ashe labarin al'adar kasuwa uku ya kai kunnen manyansa, suka zauna suka ga cewa motar tasu ce tun fil'azal.

Ya durƙusa gaban Bulama ya ce, "Albishir, ranka ya daɗe. Kamfani ya amsa laifi gaba ɗaya. An duba an ga cewa direba ko yana salla direba ne, tunda a cikin lokacin aikin kamfani ya yi ta. Asiransi, wato inshora, ta yarda. Ga diyya mun kawo."

Maza huɗu suka sauko da diyyar daga bayan kamyo, kowa riƙe da ƙafa ɗaya. Tsohon jaki ne namiji, fata da ƙashi, wanda aka sayo a kasuwar dabbobi ta Zinder. Sama'ila ya ce manyansa sun gindaya cewa a miƙa shi yana tsaye da ƙafafunsa, don haka mazan suka tokare shi da kafaɗa ta kowane gefe. Bulama ya dubi jakin, ya dubi sama. Mai dabba ya zo, ya biya, al'ada ta cika. Ya ce a kwance igiya.

Barira ta dubi igiyar da ake kwancewa. Ita ce ta yi ta kukan mai mota ya zo, ga shi ya zo. Ta zube gaban Bulama ta ce, "Baba, na yafe. Su ɗauki jakinsu, su bar min ita wata biyu kawai, har ya iya cin ciyawa."

Bulama ya kasa kallonta. "'Yata, da ni na ɗaure, da ni zan saki. Al'ada ce ta ɗaure."

Ta juya ga Sama'ila. Shi ma murmushin ya bar fuskarsa, don ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga abin da ke gudana. Ya yi ta juya jakar takardunsa, can ya ce, "Madam, mu kamfanin haya ne. In kina so, ana iya ba ki hayarta, kullum ki biya, da direba." Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya sunkuyar da kai.

Aka ɗaura wa motar sarƙa don a ja ta. Alkasum ya shiga ƙarƙashin motar ya ce zai duba ƙafafu, ya jawo ɗan jakin waje, ya sake komawa. Da ya fito zai wuce Barira, sai ya saki wani abu cikin ƙwaryarta ya ce a hankali, "Yaya, in sun tambaya, a hanya ya faɗi." Tiyon ne, naɗe cikin tsumman. Ita ce ƙaryar farko da ya shirya a rayuwarsa.

Aka ja motar ta hau tudu. Ɗan jakin ya bi ta a guje yana kuka, sai da Barira ta kamo shi ta rungume wuyansa har ƙurar ta lafa. Mazan da ke tokare da jakin diyya suka janye kafaɗunsu, ya zauna a inda yake, kuma ba a sake ganinsa a tsaye ba.

Da la'asar ta huda ƙoƙo ta cusa tiyon, ta zuba kunu ta miƙa wa ɗan jakin. Ya shinshina ya kau da kai. Ta rataye a reshen gawo, ya ƙi. Ta ɗora a kan turmi, ya ƙi. Sai zagaya wurin yake yi yana neman cikin da zai shiga ƙarƙashinsa, yana tsayawa daidai inda ƙafafun motar suka bar rami. Washegari ma haka, har ya koma kwanciya ya miƙe wuya a ƙasa.

Barira ta tsaya tana kallonsa, ta tuna bukkokin kwali na bakin Zinder. Sai ta kira babbar 'yarta ta ba ta ƙoƙon. Ta goga tsumman mai a hannuwanta da wuyanta da cikinta har ta ɗauki warin gazuwal, man motar. Ta tsaya tsakanin ramukan, ta sunkuya ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta sa yarinyar ta yafa mata jan zane ta ɗora ƙoƙon a bayanta, tiyon ya sauko ta ƙarƙashin hammatarta. Rairayin na ƙona mata tafin hannu. Kunya ta kama ta har ta rufe ido, don mata sun fara leƙowa ta kan danga.

Ba wanda ya yi dariya. Can ta ji hanci mai sanyi yana bin cikinta, sannan ta ji an ja tiyon, tsut tsut.

Bulama Mala ya zo wucewa, yara biyu na biye da shi ɗauke da turke za su mayar ƙofar gida. Ya tsaya ya dube ta. Barira ba ta ɗago kai ba. Ta ce wa 'yarta ta ƙara kunu, kuma ta zuba a hankali.